Inkodar da Ban Ɗaura Ba

Jega, Talata da hantsi.

Zuwa ga ɗiyar Iya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar da ban saba yi miki da baki ba. Allah ya kai ki Legas lafiya, ya tsare ki a hanya da masauki, ya haɗa ki da mutanen kirki a masana'antar fulawar da ta ɗauke ki, ya kare hannuwanki daga wuta da ƙarfe. Amin.

"Anti, ke fa ba kya tambaya. Sai dai ki ce a yi, ki wuce." Haka kika ce mini jiya a tsakar gida, kina naɗe rigunan aikinki, ko ɗago kai ba ki yi ba. Ni kuma na ce ki tabbata kin sa takalmin nan mai ƙarfe a baki cikin jaka, na shige ɗaki. Wato kin kawo ƙara, ni da kaina na ba ki shaida nan take.

Yanzu kin fita sallamar dangi, bayan azahar babanki zai kai ki tasha. Ba zan raka ki ba, kin san haka. Ke ce ta fari, kuma a gidanmu uwa ba ta rakiyar ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta tambayar lafiyarsa a gaban mutane. Shekara ashirin da huɗu ina kiran ki ɗiyar kakarki Iya kamar aro aka ba ni ke, kina kira na Anti kamar wata baƙuwa ce da ta daɗe ba ta tafi ba. Da muna gari ɗaya, da sai mu ci gaba da lallaɓawa a haka. Amma Legas da nisa, kuma na ga alamar idan kika tafi da shirunki na zauna da nawa, nan da ɗan lokaci ba abin da zai rage tsakaninmu sai barka da salla. Abin da ya sa na zauna rubutu ke nan. Tun da ban iya maganar zuciya ba, zan yi maganar moto, wadda ni da ke muka iya.

Kin fi ni sabon karatu, amma bari in faɗa yadda nake faɗa wa masu injin casa. Moton lantarki ba ya zaɓar gudunsa. Inbata, akwatin nan da ake kafawa a bango, ita ce ke ce masa ya yi sauri ko ya sassauta. Hanya biyu take yin haka. Ta farko, ta ba da umarni ta ɗauka an bi. Ba ta san ko moton ya juya yadda ta ce ba, ko nauyi ya danne shi. Ta biyu, a ɗaura wa moton inkoda a ƙarshen sandarsa, 'yar na'ura da ba ta kai gwangwanin madara ba, tana ƙirga juyinsa tana mayar wa inbata da labari, ita kuma tana gyara umarninta. A aji an koya muku wadda ta fi daidai. Ba a koya muku yadda mutum ke kuskure da kowaccensu ba. Wannan fannin ni na ƙware a kai.

Kuskurena na farko a Aliero na yi shi, kina da shekara shida, kina Sarandosa wurin Iya. Wasu manoman albasa sun gaji da asarar da suke yi a rudu, rumfar ajiyarsu ta gargajiya, suka haɗu suka gina ɗakin ajiya na bulo mai babbar fanka da ke busa iska ta ƙarƙashin albasar. Aka kira ni in haɗa wutar. Lokacin ban daɗe da gama jami'a ba, ina jin duk abin da ba a auna ba jahilci ne. Na ɗaura wa fankar inkoda. Shugabansu, wani dattijo Malam Bawa, ya tsaya a kaina yana kallo.

"Hajiya, wagga aba da kinka liƙa, mi taka yi?"

Na ce tana gaya wa akwatin ko fankar na juyawa.

"Ashe," in ji shi. "Mu da kunne muka jin haka."

Mutanensa suka yi dariya. Na yi murmushin da mai digiri ke yi wa wanda bai da shi. Sannan na rufe akwatin da kwaɗona, don kada wani ya taɓa mini saiti, na jefa mabuɗin a jaka, na tafi biki Birnin Kebbi.

Ɓawon albasa kin san shi, ba inda ba ya shiga. Ya tashi da iska, ya taru a bayan moton, ya shiga inkodar. Ta daina ƙirga. Inbata ta ga labari ya yanke, ta yi abin da na saita ta a kai, ta tsayar da fankar don kare moton. Moton lafiyarsa ƙalau. Mai ba da labari ne kawai ya makance. Ranar Alhamis abin ya faru, cikin zafin bazara. Sun kira ni, wayar na cikin jaka tare da mabuɗin, ni ina can ana rabon atamfa. Ba su fasa kwaɗon ba, saboda na gargaɗe su cewa wutar ciki na kisa, kuma sun yarda da ni. Sai Asabar na iso. Tun daga bakin hanya wari ya gaya mini abin da inkodar ta kasa faɗa. Albasar ƙasa ta yi ruwa, mata na fitar da ita da kwanduna, suna zubarwa bayan ɗakin. Noman rani guda na gidaje da yawa.

Malam Bawa bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya miƙa hannu kawai ya ce, "Ba mu mabuɗin, Hajiya. Ki cire wagga aba, ki bar hwankar ta yi iskarta."

Don haka ki ji. Fanka da famfon ruwa ba su buƙatar inkoda. Idan gudunsu ya ragu kaɗan ba wanda zai mutu. Duk abin da kika ƙara a jikin inji, kin ƙara abin da zai lalace, musamman inda akwai ƙura da zafi da girgiza, kuma masana'antar fulawa ƙura ce zalla. Kada ki sa na'ura don a san kin yi karatu. Kuma kada ki taɓa tafiya da mabuɗin abin da wasu ke rayuwa a kansa.

Mutum idan ya ƙone da abu, sai ya tsane shi gaba ɗaya, ya kira tsanar gogewa. Haka na yi. Shekaru na yi ina gaya wa kowa inkoda kayan ƙawa ce ta masu sayar da kaya. Inbatocin ma sun ƙara wayo a lokacin, suna ƙiyasin gudun moto daga yawan wutar da yake sha, ba sai an ɗaura masa komai ba. Ƙiyasin yana da kyau idan moto na tsakiyar gudu. Amma idan ya sauko kusa da tsayawa, ƙiyasi kan koma zato. Na san wannan, yana cikin littafin da na ci jarrabawa da shi.

A nan Jega, wani injin casar shinkafa ya sa na'urar ɗaga buhu zuwa bene, moto da sarƙa da ƙugiya. Mai injin ya tambaye ni ko a sayo inkoda. Na ce a'a, na ba shi labarin albasa har da kwaikwayon muryar Malam Bawa. Kin san matsalar ɗaga nauyi. Kafin birki ya saki, dole moton ya riga ya riƙe kayan da cikakken ƙarfi alhali bai fara juyawa ba. A wannan ɗan lokacin, inbatar da ba ta da mai gaya mata gaskiya lalube take yi.

Mai kula da na'urar wani magidanci ne, Ɗanjuma, mai 'ya'ya biyar. Sati biyu da fara aiki ya tare ni a bakin ƙofa.

"Ranki shi daɗe, abin ga shina zamewa kaɗan kahin shi tashi. In buhu ukku na, ba komi. In huɗu na, sai in ji sarƙa ta yi ƙasa kamar taki guda."

Na je gaban inbata, na sa aka ɗaga buhu, na duba allonta. Lambobi suka hau sumul yadda na tsara. Na ce masa allo bai nuna komai ba.

"To, ai allon ba shi ka tsayawa ƙarƙashin buhu ba," in ji shi.

Na ɗauka raha ce, har na yi dariya. Abin da na manta, ni da na haɗa abin, shi ne allon ba gudun moto yake nuna mini ba. Umarnina yake nuna mini. Na tsaya ina kallon maganar kaina, ina jin daɗin yadda ta yarda da ni.

Ranar kasuwar Jega shinkafa ta yi yawa, aka ɗora buhu biyar. Birki ya saki, moton bai riƙe ba, kayan suka sauko. Ɗanjuma ya ja jiki, amma ƙafarsa ta hagu ba ta tsira ba. Kin san shi, shi ne mai ɗingishin da ke kawo mana sabuwar shinkafa duk kaka. Ba ki taɓa tambayar dalilin ɗingishin ba, ni kuma ban taɓa faɗa ba. Dalilin ni ce. Na je duba shi a asibiti da lemo a leda, na tsaya ina jera bayanin birki da saiti. Matarsa ta saurare ni har na gama, ta ce, "Allah shi kiyaye gaba." Ban taɓa jin addu'ar da ta yi mini nauyi kamar wannan ba.

Inda duk nauyi ke rataye a sama, inda ake son cikakken ƙarfi a tsaye cik, inda bel biyu masu jan kaya dole su tafi kafaɗa da kafaɗa, inda kaya dole ya tsaya daidai wuri ɗaya, ki sa inkoda. Idan manaja ya ce tsada, ki rubuta masa a takarda ki ajiye kwafi. Kuma idan mutumin da ke wuni a gindin inji ya ce miki yana jin wani abu, ki bar allon ki bi shi ki gani. Za su kira ki 'yar Arewa, za su kira ki yarinya, wasu za su gwada ki da ƙarya. Duk da haka ki je ki gani. Tafiyar banza sau goma ba ta kai ƙafar mutum ɗaya ba.

Kuskurena na uku gajere ne, kuma abin dariya ne in ba a kanki ya faru ba. Bayan wasu shekaru Ɗanjuma ya zama shugaban ma'aikata a wani injin a Maiyama. Duk da abin da ya faru, ni ya sa aka kira da bel ɗin da ke kai shinkafa wurin awo ya fara hauka, ya zabura ya lafa, ya zabura ya lafa. Wannan yana da inkoda. Kwana biyu ina canza saiti, ina zargin kebul ɗin inkodar da aka shimfiɗa kusa da na babbar wuta, na raba su, abin bai daina ba. Ɗanjuma ya ɗingiso da guntun alli, ya sa aka kashe, ya ja layi ɗaya daga sandar moton zuwa wuyan inkodar. Aka kunna minti ɗaya aka kashe. Layin ya rabu biyu. Wani ɗan noti ne ya kwance, sandar na juyawa, inkodar na bin ta yadda ta ga dama. Moton na daidai, labarin ne ƙarya, inbata kuma ta yarda da labarin tana ta azabtar da moton.

"Injiniya," in ji shi, "ni dai alli nika da shi, ba ni da kwamfuta."

Labarin ƙarya ya fi rashin labari ɓarna. Kafin ki gyara inji, ki binciki mai kawo miki rahotonsa.

Yanzu sai in zo inda nake ta kewayawa.

Da aka yaye ki aka kai ki Sarandosa, kamar yadda aka kai ni wurin tawa kakar. Na koma makaranta, daga nan aiki. Duk ƙarshen wata nakan je. Ba na tambayar ki, Iya ba za ta yarda ba, ni ma kunya ba za ta bar ni ba. Amma Iya ta san aikinta. Sai ta zauna tana tsintar wake, ta kalli bango ta ce, "Ɗiyar ga ta hidda haƙori biyu, ga wanda ka son ji." In na ɗago kai ta ce, "Ba da ke nike ba, da bango nike." Ta bakin bangon nan na ji ranar da kika fara tafiya, da ƙyandar da kika yi, da ranar da kika kwance rediyon kakanki kika mayar da shi har ya yi magana. Mutanen da suka kafa al'adar nan ba wawaye ba ne. Sun hana uwa tambaya, amma sun ajiye mata tsohuwa mai kawo labari. Abin da ba su tanada ba shi ne ranar da tsohuwar za ta rasu.

Iya ta rasu kina aji biyu na sakandare, kika dawo gidan nan. Ni kuma na ci gaba da ba da umarni kamar ba abin da ya yanke. Ki yi karatu. Ki ci abinci. Ki cike lantarki a fom ɗin jami'a, kada ki cike likitanci. Ina ƙiyasin halinki daga yawan tuwon da kika rage a kwano, kamar inbatar da ke ƙiyasi daga wutar da moto ya sha. Kina yin duk abin da na ce, sai na ɗauka lafiya. Allon nan ne dai na sake kallo.

Da kika shiga jami'a a Aliero na naɗa Gwaggo Hassi, ƙanwar babanki, a matsayin Iya, tun da gidanta na kusa da makarantar. Gwaggonki mutuniyar kirki ce, amma ba ta taɓa kai wa kowa labari marar daɗi ba a rayuwarta. Ko gobara ake yi za ta ce ɗan ɗumi ne. A shekararki ta uku zazzaɓin taifod ya kwantar da ke ana tsakiyar jarrabawa. Kika roƙe ta kada ta faɗa, ita kuma abin da take so ke nan. Na kira ta a makon, ta ce, "Lahiya lau take, karatu dai ya sha mata kai." A makon da kike kwance sau biyu na ratsa Aliero zuwa aiki. Na tsaya a bakin titi na sayi albasa, ina hango rufin ɗakunan kwananku, ban shiga ba, don kada a ce na zo ganin 'yar fari. Sai da abokan karatunki suka gama ke ba ki gama ba, sannan na san kin rasa jarrabawa biyu kin maimaita shekara. Kin tuna abin da na ce da kika gaya mini, kina tsaye a ƙofar kicin, idonki ya cika? Na ce, "To, sai ki mai da hankali." Na tuna, ba sai kin tuna mini ba. Nauyi na rataye a kanki, birki ya saki, ni kuma ina gaban allo.

Ba na zargin Iya, ba na zargin Gwaggo, al'adar ma ba na zarginta sosai. Mata da yawa sun riƙe ta kuma sun san halin 'ya'yansu sarai, ta bayan gida, ta hannun ƙanwa, ta kallon ido. Ni dai ta yi mini daidai ne. Ta ba ni izinin yin abin da da ma ya fi mini sauƙi, na kira shi kunya.

Ga abin da nake roƙo. Ba na son ki zama fankar Malam Bawa, in liƙa miki na'ura ina ƙirga numfashinki. Abin da kika ci, inda kika je ranar Lahadi, wanda kika yi hira da shi, naki ne, ki yi iskarki. Amma inda nauyi ke rataye, ciwo, ko wani babba a wurin aiki da ya matsa miki, ko kuskuren da kika yi a kan inji kina tsoron a gane, ko kaɗaicin da ke sa mutum ya daina cin abinci, wannan ina son in ji, kuma daga bakinki, ba ta bakin Gwaggo ba. Duk Juma'a bayan la'asar zan kira ki, ni da kaina, ba wayar babanki a miƙo mini ba. Zan tambaya. Da farko tambayar za ta fito a karkace, wataƙila in fara da ko kin duba notin inkodocinku. Ki yi haƙuri da ni, ki san abin da nake nufi. Idan kika ce "lafiya lau" kika yi shiru, zan sake tambaya. Idan kuma kika faɗi gaskiya na amsa da umarni, ki ce mini, "Allo kike kallo." Zan gane.

A aljihun gefe na jakar kayan aikinki, inda zan sa wannan takarda, akwai guntun alli. Ɗanjuma ne ya aiko miki da ya ji za ki tafi. Ya ce in gaya miki injiniyar gidan nan ta farko sai da ta tsufa ta san amfaninsa, ke kada ki jira.

Ɗazu da gidan ya yi shiru na shigo ɗakin nan naki, na gwada furta sunanki da ƙarfi. Ya fito da ƙyar, kamar moton da ya shekara a ajiye, amma ya juya. A takarda ya fi sauƙi, don haka bari in fara a nan kafin Juma'a.

Nafisa. Nafisa, ɗiyata, ba ta Iya kaɗai ba.

Allah ya sauke ki lafiya, ya sa ki fi ni sauraro, ya sa kada wani ya yi ɗingishi saboda aikin hannunki. Allah ya tsare mutuncinki da addininki a garin da ba ki da kowa, ya dawo mana da ke cikin aminci. Allah ya jiƙan Iya, ya saka mata da abin da ta gaya wa bango.

Ana jira na a Maiyama, ga mai mashin can a ƙofar gida yana ta danna oda. In na ƙara minti goma za ki dawo ki same ni a nan, kuma ban kai ga iya faɗa miki wannan ido da ido ba tukuna. Zan zuge jakar, in ja miki ƙofar ɗakin a hankali, in tafi.

Mahaifiyarki.